Rigar Naɗin Baffa

Shekaranjiya wata hidima ta kai ni bakin kara, kasuwar shanu ta nan Enugu, na tarar ana sauke shanu daga wata tirela da ta iso daga Arewa, sai na tsaya kallo kamar baƙuwa. Kowane bijimi ya diro, sai in ga an fesa masa lambar waya a haƙarƙari da fentin gwangwani, wata a karkace, wata ta dalalo har ciki. Lambar waya, jama'a, a jikin dabba! Na tambayi mai riƙe da igiya shaidar wane gida ce wannan, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Hajiya, ki kira lambar kawai, mai shi zai ɗauka." Na ce Allah ya kawo kasuwa, na ja ƙafata na tare okada. Har na iso gida ban huce ba. Ba da mai igiyar nake ba, shi me ya sani. Abin da ya taso mini ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma tun da ya taso, gara in amayar da shi ko na samu sauƙi.

A zamaninmu kowane mai gida a kara yana da shaidarsa, kuma shaidar nan ita ce sunansa, ita ce mutuncinsa. Mai gida shi ne wanda fatake ke sauka a wurinsa in sun kawo shanu, ya ba su masauki da abinci, ya tsaya musu a ciniki, su damƙa masa dukiyarsu su yi barci har da minshari. Da an sauke shanu sai a ɗauko gwangwanin jan fenti da sanda mai tsumma a baki, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana sa musu shaidar gidan a ɗuwawun hagu. Ta Babanmu da'ira ce, da zane uku a ƙarƙashinta kamar sawun kaza. A wurin mahaifinsa ya gaje ta, mutumin da ya riƙa koro shanu da ƙafa daga Arewa tun ba a san tirela ba. Dokar kara kuwa guda ce, tsofaffi ba sa gajiya da faɗinta: abin da ke ɗauke da shaida na mai shaida ne, ko da kaza ce. Na sha ganin bijimi ya tsinke igiya ya yi cikin gari har unguwar Uwani, ya faɗa lambun wani Ibo ya yi ɓarna. Mai lambun ba ya zuwa wurin 'yan sanda, ƙofar gidanmu yake zuwa, don ya ga sawun kaza. Baba ya ba shi haƙuri da yarensa, a gyara ɓarna, a koro bijimi. Yau in ya tsinke sai dai a kira waya, a ce ba ta shiga.

A Enugu aka haife ni, Kano sai dai labari da zuwa jefi-jefi. Ba na manta safiyar unguwarmu. Ladan ne ke farawa, yana saukewa ƙararrawar cocin bayanmu ta karɓa, sai kukan shanu daga kara, sai matar nan mai okpa, alalar gurjiya ta Ibo, da ke ratsa lungunmu tana shela da muryarta mai tsaga kunne. Kafin rana ta ɗaga mun jera bokitai a bakin famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, muna faɗa da yaran Ibo da yarensu, mu shirya da namu. Aikin da na fi tsana shi ne wankin tumbi. Mahauta ba sa wuce gidanmu ba su ajiye wa Inna kayan ciki ba, ni kuma ni ce babbar mace, ni ce mai wankewa. Sai dai in na zo ɓangaren nan mai gida-gida kamar saƙar zuma, hannuna tsayawa yake yi, in ɗaga shi ina juyawa a hasken rana. Inna ta ce, "Ke, wankewa aka ce ki yi, ba duba ba. In aure kike son yi da shi ki faɗa." Ita da wasa take yi, ba ta san abin da zan ci abinci da shi ke nan ba.

Da na gama sakandare na ce fannin zane nake so, ɓangaren rini da buga yadi, unguwa ta ɗauka. Wai 'yar Alhaji guda za ta tafi makaranta koyon wasa da fenti. Baba ya saurari kowa, sannan ya ce, "Uwata ce, abin da take so shi za ta yi." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Wanda ya fi kowa tafa masa a ranar shi ne Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke yi masa dillanci a kara. Mutum ne mai zaƙin baki da yawan turare, kafin ya gama magana ya riga ka dariya. In ya gan ni sai ya ce, "'Yar boko, 'yar gaban goshin Yaya!" Ni kuwa in washe baki, ina ganin duk dangi ba mai sona kamarsa.

Wurin aikinmu a makaranta wata doguwar rumfar kwano ce a can baya, kullum cikin warin kakin kyandir da hayaƙi da ruwan soda. Malamarmu wata gajeriyar mata ce mai muryar maza, Madam muke ce mata. In ta ga kana lallaɓa yadi kamar ƙwai, sai ta daka maka tsawa, "Spoil am first, na so you go sabi am!" Mun kuwa ɓata yadi, Allah ya gani. Ba abin da ba mu buga da shi ba. Mu fafe doya mu yi hatimi, mu tsoma totuwar masara a launi mu mirgina, mu naɗe ƙusoshi masu tsatsa a jiƙaƙƙen farin yadi mu bar su su ci, mu dafa ɓawon albasa da goro mu ga wanne zai fi ja, mu shafa ƙullun rogo ya bushe ya tsattsage rini ya bi tsagar. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajin, mayafina a ɗaure a ƙugu, hannuwana yau shuɗi gobe ja har Inna ta hana ni tuƙa tuwo. Ranar da na busar da tumbin nan mai saƙar zuma a kan allo na kawo shi na buga, rabin aji sun gudu waje suna toshe hanci, Madam tana dariya har da riƙe ciki, amma yadin da ya fito ita ta rataye shi a ofishinta. Yanzu jikata ma wai fannin take karantawa. Tana zaune a kan gado da kwamfuta, ta latsa, inji ya tofo yadi a wani gari. Hannunta fes kamar na amarya, ban taɓa jin ta shigo da wari ba.

A shekarar ƙarshe Madam ta ce kowa ya je gidansu ya samo zanen da yake nasu na gado, ya gina aikin fitarsa a kai. 'Yan ajinmu suka bazu ƙauyukansu wurin kakanni, suka dawo da uli, zanen da tsofaffin matansu ke yi a jiki da bango. Ni ina zan je? Ƙauyena kara ce. Na samu Baba bayan la'asar na durƙusa na roƙe shi shaidarsa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na ba ki, Uwata. Amma abu biyu: kada a taka ta, kada a zauna a kanta." Na sassaƙa ta a guntun katako. Wajen zagaye da'irar wuƙa ta zame ta ɓantare gefen dama, ya zama kamar wawulo. Na ce bari dai in gwada, na buga ta da ja a farin yadi guda ɗaya, na ga giɓin yana fitowa a kowace da'ira, na jefa katakon a akwati na sassaƙa sabo. Yadin gwajin yana kan igiya a tsakar gida Baffa ya shigo. Ya tsaya, ya riƙe baki, ya ce, "Kai, kai, kai! 'Yata, wannan ai tarihin gidanmu ne. Ba ni in rataye a ɗakina, duk wanda ya shigo in nuna masa." Na ninke da kaina na miƙa masa da hannu biyu.

A bayan kara akwai jerin rumfuna inda wasu mata ke sayar da giya da farfesu, kuma ta gabansu hanyar masallacin Juma'a ta bi. Wata Juma'a, fatake sun fito cikin fararen kaya za su masallaci, sai ga matan nan kaf ɗinsu cikin sababbin zannuwa iri ɗaya, fari da ja, da'ira da sawun kaza tun daga ƙugu har idon sawu, suna zaune a kai, suna goge hannu da shi. Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Abin da ke ɗauke da shaida na mai shaida ne. Kafin a idar da salla magana ta gama sahu: ashe rumfunan na Alhaji ne, ashe matan ma nasa ne, ashe carbin nan duk na rufe ido ne. Fatake mutanen ƙauye ne masu tsoron haram, suka ce dukiyarsu ba za ta cuɗanya da ta giya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tabarminsu daga zaurenmu. Ina suka nufa? Zauren Baffa, wanda ashe har ya tanadi tasa shaidar, wata tauraruwa mai kama da gizo-gizo. A majalisa kuwa har hawaye ya matso, yana cewa shi ba ya zargin Yaya, boko ce ta ja mana, yarinya ce ta kai zanen Onitsha ta sayar.

Washegari na yafa mayafi na tafi rumfunan da ƙafata. Na gaida ɗaya daga cikin matan da yarensu, na kama gefen zanenta kamar mai yaba shi. Ta fizge, ta ce a kasuwa ta saya, amma na riga na ga abin da na zo gani. Kowace da'ira da giɓinta a gefen dama. Yadi ɗaya ne a duniya mai wannan giɓin, kuma na san hannun da na sa wa shi. Ashe Baffa ne ya kai shi aka kwafa. Na dawo na zayyane wa Baba. Ya ce, "Kin ga lokacin da ya kai?" Na ce ban gani ba, amma ga giɓi. Ya ce, "To ki kama bakinki. Ciki ɗaya muka fito da shi." Na ce to ni na bar makarantar, tun da ita ce abin zagi. Nan ne kawai ya ɗaga murya. Ya ce, "In kika bari, an ci ni sau biyu ke nan." Ya sa aka tura gwangwanin fentinsa ƙarƙashin gado. Zaure ya zama kango, Inna kuwa ta kasa daina ɗora babbar tukunya, sai dai a raba wa maƙwabta. Mutumin da asuba ba ta taɓa samunsa a gida ba ya koma zaman tabarma yana kallon ƙofa. Kafin ruwan farko ya sauka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Na kama bakina kamar yadda ya ce, amma bai ce in kama hannuna ba. Na koma rumfar makaranta na daina hira da kowa. Akwai rinin da in ka haɗa shi da soda da sauran magungunan kamawa, ya shiga zare ke nan har yadin ya mutu. Akwai kuma wanda in ka hana shi magani, ka dama shi da sitaci, sai ya kwanta a sama kawai yana ƙyalli, ruwa na taɓa shi ya kama gabansa. Na shiga haɗa su biyun a ƙananan ƙyallaye, in zana abu da mai kamawa, in lulluɓe da marar kamawa mai launi iri ɗaya, in shanya a ƙarƙashin indararo in zauna ina kallo. Na ɓata ƙyallaye ba adadi kafin na samu haɗin da ido ba ya rabewa in yana bushe. Madam ta tsaya a kaina rannan ta ce, "You wan hide picture inside cloth?" Na ce e, Madam. Ta ce aiki ne mai kyau, in ci gaba. A lokacin ban san ta inda zan kai ga Baffa ba. Na dai san ko shekara nawa za a yi, ina nan.

Ashe ba zan jira da yawa ba. Tsohon sarkin kara ya rasu. Kowa ya san da ba don abin da ya faru ba, Baba ne a layi. Aka ba Baffa. Ya shigo gidanmu da turarensa wai ya zo duba Yaya, ya zauna a bakin gado yana "Allah ya sawwaƙe, Allah ya sawwaƙe," Baba yana kallonsa da ido ɗaya mai motsi. Da zai fita ya kira ni, ya buɗe leda, ga babbar riga ta farar shadda an gama ɗinki. Wai so yake a rina masa ita baƙin shuɗi mai ƙyalli irin na ɗan Kura, wanda ke goge wa mutum a wuya da hannu kowa ya san an sa kaya. Aikawa Kano zai ɗau lokaci, ga shi kuma, Allah ya sani, ko ƙwandalarsa ba ya son ta yi ciwon kai. Ya ce, "'Yata, ke ce gwanarmu. Kuma in aka ji ke kika rina, duniya za ta san ba komai a tsakanin gidan nan." Ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! Na durƙusa har ƙasa na karɓa, na ce, "To Baffa, Allah ya sa a yi taro lafiya."

Na shimfiɗa rigar a bayan ɗakin Inna. A baya, daga ƙasa ta hagu, daidai inda ake sa wa shanu, na zana da'ira mai faɗin faifai da sawun kazarta, da rinin da ba ya fita. Giɓin gefen dama ma ban manta da shi ba, da gangan na bar shi, don in ya gani ya san na sani. Da ta bushe na lulluɓe rigar gaba ɗaya da ɗaya haɗin, na maimaita har ta yi baƙi ƙirin, na kai wa masu bugu suka buge ta tana ɗaukar ido. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyanta ba, kafin nan ko bayan nan. Inna ta shafa ta, ta dubi yatsunta, ta dube ni. Ta ce, "Damina ce fa." Na ce, "Na sani, Inna." Ta koma kan tukunyarta.

Ko ba a yi ruwa ba, wankin farko zai tona, amma ni ba a bayan gida nake so ba, a gaban jama'a nake so. An ce Baffa ya aika a ɓoye wani ƙauye wurin masu tsare ruwa, Alhaji guda. Ranar kuwa gari ya waye tas, rana kamar ta rani. Ban taɓa roƙon Allah irin na wannan safiya ba. Aka kafa rumfuna a filin kara, masu kalangu suna ta zuba kirari, ga manyan Ibo da jajayen hulunansu, ga fatake, ga mahauta. Ni ina can gefe cikin mata. Baffa ya fito yana sheƙi, aka yi ta "Ma sha Allah," aka naɗa masa rawani a inuwa, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Sai dai al'adar kara ce sabon sarki ya zagaye ta da ƙafa, turke zuwa turke, jama'a a bayansa. Suna tashi iska ta juya. Hadari ya leƙo daga kan tsaunukan nan na yamma, baƙi kamar rigar. Suna kaiwa ƙarshen kara, can nesa da rumfunan taro, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, iska ta juye laimar da ake riƙe masa.

Mafaka ɗaya ce a kusa, rumfunan matan nan masu giya. Ta ina sabon sarki zai shiga nan a gaban fataken da ya raba da yayansa saboda su? Dole ya daure, ya juya yana takawa a hankali irin ta manya, jama'a a bayansa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Baƙin ruwa ya fara bin ƙafafunsa, ya bar sawu a taɓo. Kafaɗun rigar suka yi fari-fari, launi yana gangarowa kamar ana wanke allo. Sai ga gefen da'ira ya leƙo. Sai ga sawun kaza. Mai kalangun da ke dab da shi ne ya fara tsayawa, sauran suka bi, ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano. Wani tsohon Bafulatani da ya shekara da shekaru yana sauka a zaurenmu ya nuna da sandarsa ya ce, "Af! Wannan ai na Alhaji ne. Wa ya sake shi?" Mahauta ba su da kunya, su suka fara fashewa. Baffa ya shiga juyawa yana son ganin bayansa kamar kare da jelarsa, duk inda ya juya wasu sababbi su gani. Matan rumfa sun fito bakin ƙofa kallo, sai wata mai ƙiba a cikinsu ta tafa hannu ta ƙwala, "Oga Alhaji! Na the same cloth wey you dash us be this o! You keep the big one for yourself?" Wanda bai ji Turancin ba aka fassara masa nan take: wai ai irin zanen da Baffa ya ba su kyauta ne. Dariya ta ɗauke. Tsohon nan ya tofar da yawu ya ce, "Innalillahi. Ashe kai ne." Baffa ya ɗago yana neman wani abu a cikin taro, idonsa ya faɗo cikin nawa. Ina tsaye ruwa yana dukana, na kama hanci na rangaɗa guɗar da ko a bikina ba a yi irinta ba.

Da gudu na iso gida, a jiƙe sharkaf, na faɗa ɗakin Baba na durƙusa na ba shi labari tun daga hadari har maganar matar. Jira nake in ga ya yi dariya, ko da da rabin baki ne. Sai na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa mai rai. Ya yi ta kokawa da harshensa, da ƙyar ya fitar da ita: "Ƙanena ne, Uwata." Ya juya fuska bango. Wannan ta fi komai ƙona ni, har yau. An kashe mutum a tsaye, amma kukan wanda ya kashe shi yake yi. Kwanakin da suka biyo baya zaurenmu ya sake cika, fatake suna shigowa da kai a ƙasa suna neman gafara, Inna ta samu masu cin tuwonta. Sunan Baba ya wanku tas. Amma mai tsaya musu a ciniki ba ya ko iya tsayawa ya yi alwala. Ya yafe wa kowa, har Baffa ya aika aka gaya wa ya yafe masa. Bai ga wata damina ba. Baffa kuwa rawanin bai yi masa rana ba, ko yaro ya gan shi sai ya ce ga bijimin Alhaji, ba shiri ya tattara ya koma Fatakwal. An ce sunan ya riga shi isa can, direbobin tirela suka kai. Ni na gama makarantata kamar yadda Baba ya so, na yi rini har ƙarfina ya ƙare. Mutane suna ce mini ai kin rama, ki bar shi haka. Riga ɗaya na ɓata masa. Shi uba ya raba ni da shi.

Allah da ikonsa, duk tsaran Baba sun tafi, Baffa yana nan da ransa, ya tsufa tukuf a gidan ɗansa kusa da kasuwar Oil Mill. Bayan sallar da ta wuce ɗan nasa ya yi sallama a ƙofata, shi ma furfura ta fara cin gemunsa. Ba ruwansa, ba a ma haife shi ba lokacin. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa tuwo, muka gaisa har da tambayar gajiya da iyali. Da ya wanke hannu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, jikin mahaifina ya yi nauyi. Shi ya ce in zo takanas in roƙe ki ki yafe masa." Na ce ya gaya maka abin da ya yi? Ya ce, "Ya ce ɗan saɓani ne irin na 'yan'uwa." Ɗan saɓani! Ƙafa ɗaya a kabari, har yanzu bakinsa bai iya faɗin gaskiya ba. Na ce, "Ka ce masa yafiyar yayansa ya same ta a banza, tawa ba ta banza ba ce. Ya zo bakin kara da rana tsaka, ya tsaya a gaban mutane ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, sannan mu yi magana."

Ya ɗago idonsa jawur ya ce, "Yaya, don Allah. Ba ya ko iya tashi."

Na ce, "Babana ma bai iya ba."